Kunun Zaƙi a Sabon Duma

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki kasuwar Bodinga ya san rumfar Tasi'u Tela, in bai san ta da ido ba ya san ta da kunne. Tun daga bakin titi ake jiyo muryarsa ta danne ƙarar kekensa. Dogo ne siriri, da ɗan gemu tsit a haɓa, tef ɗin awo rataye a wuya ko masallaci za shi. Ɗinki kam ya iya, ba mai hana shi wannan. Abin da ya ɓata shi, bai taɓa yarda akwai abin da bai iya ba a faɗin duniyar nan. Babur ya mutu, shi ne makanike. Saniya ta ƙi kiwo, shi ne likita. Hadari ya haɗu, shi zai gaya maka unguwar da ruwan zai sauka. Amma duk cikin baiwar da yake jin Allah ya yi masa, babu wadda yake tinƙaho da ita kamar harshensa.

"Harshen ga da kuke gani," in ji shi, "a ba ni ruwa a rufe mini ido, in gaya muku rijiyar da anka ɗebo shi."

Kullum rana ta take, masu kunun zaƙi kan shigo kasuwa da kuloli, kunu a gorunan roba an binne su cikin ƙanƙara. Tasi'u ne farkon mai kira. Zai kafa kai ba zai sauke ba sai ya ga gindin gora, ya matse ta don kada ɗigo ya tsira, ya yi gyatsa, sannan ya fara zagi.

"Wanga kunu ne ko wankin roba? Kai, duniya ta lalace! Lokacin da muna firamare, tsohuwar nan ta bakin makaranta a goran duma take kawo kununta. Ta buɗe, ta tsiyaya maka a ƙoƙo, tun kafin shi kai bakinka ƙamshin citta da kanumfari sun gaishe ka. Sanyi har tsakar ka, ba ƙanƙara ba komai! Ko lemun kwalba na ranar Sallah, ku tuna, guda ɗaya za a saya mu taru a kanta, kowa ya kurɓa ya miƙa, iska na fita ta hanci, hawaye na zuba. Yanzu an zuba shi a roba ya koma ruwan sukarin da ya kwana."

Gaskiya in ya kama wannan zancen har masu jiran ɗinki sai ka ga sun yi shiru, kowa ya tafi can baya. Wani ya tuno ruwan randar kakarsa, wani ya tuno furar da ake dama musu a ƙwarya in sun dawo kiwo. Mutum ɗaya ne ba ya bari ya sha iska, Bello mai yadi, maƙwabcin rumfarsa, wanda tare suka yi firamaren.

"Yunwa ce ke sa daɗin, Tasi'u. Lokacin nan ko ruwan wankin gero anka ba ka shanyewa kake, ka lashe ƙoƙon."

"Kai mi ka sani? Harshenka da yadin buhu duk ɗaya. Mazubi shi ne rabin kunu!"

"To mi ya sa kullum kake shan na robar?"

"Bincike nike yi."

To, akwai abin da ke cin ran Tasi'u wanda duk surutun nan bai iya rufewa. Matarsa ta rasu shekarun baya, 'ya'ya sun yi aure sun watse, gida ya zama daga shi sai kujeru. Ya gaji da tsayawa wurin mai shayi, ya gaji da yin sallama a ƙofar gidansa ba mai amsawa. Akwai wata bazawara a Shagari, Shatu, mace mai fara'a da kaifin baki, wadda kununta ya yi suna har Bodinga ake aikowa saye. Ita Tasi'u yake so, kuma so na gaskiya, don a gabanta ne kaɗai maganarsa take sarƙewa. Ita ma ba ta ƙi shi ba. Sai dai maganar tana hannun yayanta Alhaji Amadu, makiyayi mai garke, mutumin da zai wuni bai yi magana goma ba. Labari ya kai masa cewa telan nan bakinsa ya fi aikinsa, shi ya sa ya yi ta jan ƙafa. Da ya dawo aikin Hajji sai ya aiko cewa zai yi walima ranar Asabar bayan la'asar, Tasi'u ya zo, a nan zai ji amsarsa.

Bello ya ce, "Ka ji shawarata. Ka sa riga mai kyau, ka tahi, ka gaida mutane, ka zauna ka kama bakinka. Shi ke nan aikinka."

"In zauna kamar wanda anka kawo jinya? Bello, ba ka san dattawa ba. Dattijo ba ya son komai irin a tuna mishi ƙuruciyarshi. Shatu za ta yi kunun walima, ko ba haka ba? To ni zan fitar da shi daga roba in maishe shi gidanshi na asali. Goran duma, ƙoƙon duma! Alhaji na kurɓa zai ga uwarshi tsaye gabanshi. Wallahi sai ya yi hawaye. Kafin shi aje ƙoƙon ya ba ni Shatu, har shi tambaya ko ina son saniya a kai."

"Ka gaya wa Shatun?"

"In na gaya mata ina abin mamakin?"

Ana jibi walima ya rufe rumfa, ya hau tsohon babur ɗinsa sai kasuwar Shagari. Can gefen masu faifai da tabarmi ya sami wata tsohuwa, Inna Hajo, ta baza ƙore da ludaya da goruna. Da ta ji na shan kunu yake so, sai ta jawo masa waɗansu daga bayanta, sun yi ja sun yi santsi.

Tasi'u ya ja da baya. "Haba Inna! Tsofaffi za ki ba ni? Gidan surukai fa za ni. Waɗancan nike so, farare tas ɗin can."

"Ɗan nan, waɗancan jiya-jiya anka fafe su. Sababbi ne, sai an..."

"Sababbin nike biɗa!"

"To ai sabon duma sai an..."

"Inna, ni za a koya wa duma? A gonar duma anka yanke mini cibi. Ɗaure mini su duka."

Tsohuwa ta dube shi sama da ƙasa, ta dubi maƙwabciyarta mai faifai, ta ce, "To, Allah shi ba da sa'a." Abin da take son gaya masa kuwa, ko yarinyar da ta fara koyon wanke-wanke ta san shi. Sabon duma ɗaci gare shi kamar maɗaci. Sai an jiƙa shi da ƙasari, wato ruwan wankin gero, ana zubarwa ana sakewa kwana da kwanaki, kafin a yarda a sa masa abin da za a kai baki. Wanda ya yi gaggawa kuwa, bayan ɗacin, cikinsa ma sai ya ba da labari. Tasi'u ya sha kunu a duma iyakar shansa yana yaro, amma ko sau ɗaya bai taɓa tsayawa ya ga abin da mata ke yi wa duman kafin ya iso hannunsa ba.

Ya ɗaure kaya a bayan babur, suka yi tsiri har sun fi kansa. Ya hau titi, iska ta fara shiga bakin gorunan, suka kama busa, wannan na kuka siriri wancan na amsawa da kauri. Masu tafiya a gefen hanya suka riƙa waiwaye suna neman inda ake biki. Tasi'u ya ji daɗin abin, ya ƙara wuta yana ɗaga wa mutane hannu. Wajen Dandin Mahe ya tarar da garken shanu na tsallaka titi. Busar nan ta firgita wani bijimi, ya juyo ya yi kansa. Tasi'u ya taka birki da ƙarfin tsiya, igiya ta ce tas, ƙore suka bazu a kwalta suna gangarawa ko'ina, shanu na bi ta kai.

Mai shanun ya tsaya ya rataye hannuwa a sandarsa yana kallo. "Sannu Malam. Tallar ƙore kake yi wa shanu?"

"Gwada ƙwarinsu nike yi!" in ji Tasi'u, yana rarrafe a ƙarƙashin wata saniya yana ƙoƙarin ƙwato ƙoƙo.

Ya iso Bodinga da gwiwa a kuje, kusan rabin kayan sun tsage. Bello ya ce a kira mai gyartai, mai ɗinke ƙwarya. Tasi'u ya ce mai gyartai me ya fi shi, ba ɗinki ba ne? Ya zauna da allura da zaren ɗinkin shadda ya bi tsagar nan ɗaya bayan ɗaya, har da ɗan aikin ado a bakin babban ƙoƙon da ya ware wa Alhaji. Inda zare ya ƙi, ya liƙe da gam. Da ya ga sun yi fari fat ba sheƙi, sai ya ɗauko man keken ɗinki ya mulke su ciki da waje, suka kama ƙyalli. Saura abin toshe baki. Ya tattaro guntayen wata shuɗiyar shadda da ba ta taɓa ganin ruwa ba, ya nannaɗe, ya cusa wa kowane gora nasa.

Bello ya shinshina ɗaya, ya kau da kai. "Wanga warin gareji yake yi."

"Ƙamshin da ne, hancinka ya manta."

Ranar Asabar tun kafin azahar suka isa Shagari, Tasi'u cikin farar babbar riga da ya ɗinka wa kansa, aiki tun daga wuya har ciki, buhun duma a ɓoye a bayan Bello. Ya yi sallama a ƙofar gida, Shatu ta leƙo hannunta duk gari.

"A'a, Malam Tasi'u, walimar ai sai la'asar. Ko shara ka zo taya mu?"

"Na zo ne... wato... kunun maza. Ni zan kula da shi."

"Kai da kake cewa kununa wankin roba ne? Labari na zuwa Shagari fa."

"Wa ya ce? Na wasu nike nufi!"

Ta yi dariya, ta sa aka fito masa da manyan kuloli cike da goruna, sun yi raɓa don sanyi. Ta ce, "Ka bar su a rufe cikin inuwa, zafin ga ba ya wasa da kunu. Kuma don Allah, Malam Tasi'u, yau ɗaya ka rage magana. Hamma Amadu yana kallonka." Yadda ta faɗi maganar a hankali ya sa ya rantse a ransa yau sai ya burge ta.

Suka ja kulolin bayan zaure, gindin wata bishiyar dogon yaro. Tasi'u ya naɗe hannun riga ya shiga juye kunu daga roba zuwa duma. Ƙanƙarar kuwa ya kwashe ya watsa wa kaji, wai ita ke kashe ɗanɗano. Ya toshe kowane gora da ƙyallensa, ya danna da dunduniyar hannu, ya jera su reras.

"Bari in ɗanɗana," in ji Bello.

Tasi'u ya buge masa hannu. "Bakin Alhaji ne na farko."

"To kai ɗanɗana mana."

"A gidan surukai? Ka taɓa ganin mai neman aure yana lasar abu a gidan surukai? Kuma mi zan ɗanɗana? Harshena ya riga ya san abin da ke ciki. A bar su su jiƙu, duma ya shiga jikin kunu."

Suka tafi masallaci. Daga masallaci Tasi'u ya tsaya yi wa waɗansu bayanin yadda ake gane saniya mai nono daga tafiyarta, su da aka haifa a cikin garke. Kafin ya gama, inuwar dogon yaro ta tashi ta koma gabas, ta bar goruna a tsakiyar rana suna ta dahuwa.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Dattawa suka zazzauna, Alhaji Amadu a tsakiya da farin rawani, liman a damansa. Aka yi addu'a, aka raba dabino, aka ɗan zuzzuba ruwan zamzam. Aka fito da shinkafa da nama. Da aka fara neman abin sha, sai ga Tasi'u ya fito daga bayan zaure rungume da gora, Bello na biye da tulin ƙoƙuna kansa a sunkuye.

Tasi'u ya durƙusa. "Alhaji, Allah shi ƙara girma, Allah shi karɓi ibada. Iyayena dattawa, Allah shi ja da ranku. Yau na zo in maishe ku shekarun da kunka baro. Abin da roba ta sace muku, ga shi na ƙwato!"

Ya kama ƙyallen zai murɗa. Bai ma taɓa shi da kyau ba ya ce fau! Ya tashi sama ya faɗa cikin tiren shinkafar liman. Kumfa ta biyo baya ta wanke wa Tasi'u gaban riga, kuma ba farar kumfa ba, shuɗiya. Can bayan zaure sauran gorunan suka amsa, fau, fau, kaji suka watse suna kyarkyara.

"Ƙarfi ke nan!" in ji Tasi'u yana share gemu. "Kun taɓa jin roba ta yi haka?"

Ya tsiyaya a ƙoƙon nan mai ado ya miƙa wa Alhaji da hannu biyu. Kunu ya fito ruwan toka-toka da shuɗi, mai na yawo a samansa, yana ɗiga ta wurin ɗinkin. Alhaji Amadu ya dubi ƙoƙo, ya dubi Tasi'u, ya yi bisimilla ya kafa kai.

Mutanen nan makiyaya ne, fulako a jininsu yake. A wurinsu babban abin kunya ne a ba ka abu a cikin taro ka yamutsa fuska, ko da wuta ce. Alhaji ya shanye tas, ya ajiye ƙoƙo a hankali. Jijiyar wuyansa ta miƙe, kunnensa ya motsa, wani hawaye guda ya gangaro ya shige gemu. Ya ce, "Madalla."

Tasi'u ya daki cinyar Bello. "Ka gani? Hawaye! Mi na gaya maka? Ya ga uwarshi!" Ya fizgi ƙoƙon ya sake cikawa. "Ƙara, Alhaji, kada ka ji kunya, akwai shi da yawa."

Wayyo, bawan Allah nan haka ya sake shanyewa. Ganin mai gida ya sha bai ce komai ba, sauran dattawa suka karɓi nasu. Wuri ya yi tsit, ba ka jin komai sai haɗiya da ƙyar. Liman ya kurɓa ya rufe ido yana motsa baki, ba a san ko addu'a yake ba. Wani ya juya wai zai gyara takalmi, ya tuttular a bayan tabarma. Tasi'u na zagayawa yana ƙari, yana tambaya, "Baba, ka tuno? Wace shekara ta zo maka?"

Akwai wani tsoho a ƙarshen tabarma, Malam Ubaidullahi, ya tsufa har ya wuce jin kunyar kowa. Shi aka kai wa a ƙarshe. Ya kurɓa, ya fesar har kan ƙafar na kusa da shi.

"A'uzubillahi! Wa ke ciwon shawara a nan da anka dafa muna magani? Amadu, wanga kunun Shatu ne? Ashe yarinyar ga hannunta ya lalace haka?"

Magana ta tsallaka zana ta faɗa cikin gida. Ba a jima ba sai ga muryar Shatu daga bakin zaure, cike da ɓacin rai.

"Baba, kununa a roba na ba da shi, fari tas, da sanyinshi. Mata na nan suna sha, a tambaye su. Ban san abin da anka yi mishi a waje ba."

Sai wata tsohuwa ta turo kai ta gefenta, ashe Inna Hajo ce, ita ma an gayyace ta. Ta hango ƙoƙon da ke hannun liman ta tafa hannu. "La ilaha illallahu! Ƙorena ne! Ɗan nan, ba ka jiƙa su ba? Shekaranjiya fa ka saye su! Ku aje, ku aje, kada ku ƙara! Na so in gaya mishi ya ce a gonar duma anka yanke mishi cibi!"

Dariyar da mata suka fashe da ita a cikin gida har tantabaru sai da suka tashi. Samarin da ke tsaye a gefe suka riƙe ciki. Dattawa kuwa suka ajiye ƙoƙuna a tare, kowa na goge harshe da hannun riga. Tasi'u ya tsaya da gora a hannu, riga shuɗiya, gumi na bin gemu. Bai damu da dariyar ba kamar yadda ya damu da ganin Shatu ta juya ta shige ba ta ko dube shi ba.

Duk da haka bakin bai mutu ba. "Wato... Alhaji... ɗan ɗacin nan shi ne asalin..."

"Malam Tasi'u," in ji Alhaji Amadu a hankali, "kai ba ka sha ba."

"Ai Alhaji, da kunya. Gidan surukai..."

"Na ɗauke maka kunyar. Zauna. Wancan babban goran, naka ne. In ka gama sai in ba ka amsarka."

Tasi'u ya zauna. Ya ɗaga gora, kowa ya zuba masa ido. Kurɓar farko ya ji kamar an murɗe masa harshe an ɗaure da zare. Ɗaci, tsami, warin man keke, duk suka haɗu suka hau masa kai. Ya sauke yana haki, ido jajur.

"Yaya?" in ji Malam Ubaidullahi. "Wace shekara ta zo maka?"

"Akwai... akwai ƙamshin da a can ƙasa," in ji Tasi'u da wata murya siririya. Ya dubi ƙofar zaure, ya tuna gidansa da ba mai amsa sallama, ya rufe ido ya kafa kai. Sai da ya ga bayan goran nan, ya kife shi a tabarma.

Alhaji Amadu ya gyara zama, ya gyara rawani. Mutumin da ba ya magana goma a wuni, yau sai ya buɗe baki. Ya fara da godiya ga Allah. Ya gode wa waɗanda suka raka shi filin jirgi, da sunayensu. Ya gode wa waɗanda suka duba masa shanu, da sunayen shanun. Ya koma kan yadda kakansu ya fara sauka a Shagari da garkensa. Yana cikin haka dattawa suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ɗauki buta wai zai sabunta alwala, tafiyar kuwa da sauri-sauri.

Cikin Tasi'u ya ce ƙululu. Ya gyara zama. Cikin ya sake cewa ƙululu, har Bello ya matsa gefe. Alhaji ya iso kan haihuwar Shatu, da irin haƙurinta tun tana ƙarama. Gumi ya jiƙa wa Tasi'u hula. Ya cije leɓe, ya damƙe tabarma, yana amsa "Haka ne, Alhaji, haka ne," murya na karkarwa.

"To, game da maganar da ta kawo ka," in ji Alhaji, ya tsaya ya yi gyaran murya, ya nemi a miƙo masa ruwa, ya kurkure baki a natse. "Bayan na yi shawara da 'yan'uwa, na kuma duba..."

"Alhaji, a gafarce ni!"

Tasi'u ya tattare babbar riga ya zabura. Ya nufi bayan gida ya tarar da dattawa sun yi layi, liman a gaba yana buga ƙofa. Ya juya ya tsallake turken shanu, takalmi ɗaya ya tsaya a cikin taki, ya bar shi nan, ya yanki gona a guje har ya shige bayan wani kalgo.

Can an jima ya ji takun mutum. Bello ne, da buta a hannu ɗaya, takalmin a ɗaya, yana dariya har yana tuntuɓe.

"Bello," in ji Tasi'u daga bayan ganye, murya a karye, "kada ka gaya mini. Na sani. Ka ɗauko babur ta bayan gari mu tahi, ba ni iya sake haɗa ido da ita."

"Kana tashi Alhaji ya kira Shatu bakin zaure, ya tambaye ta a gaban kowa ko har yanzu tana son wanga mutum."

Bello ya miƙa masa butar ta cikin ganye, ya ci gaba.

"Ta ce ranta ya ɓaci, kuma sai ka bi kasuwar Shagari rumfa-rumfa ka gaya wa mutane ba kununta ba ne. Amma ta ce namijin da ya kai shekarunka bai san ana jiƙa sabon duma ba, in anka bar shi shi kaɗai a gida, wata rana gawarshi za a tarar. Ta ce ba ta iya ɗaukar alhakin. Alhaji ya ce tunda ka shanye abin da ka shayar da mutane, ya ba ka."

"Ya ba ni?"

"Ya ba ka."

Bello ya ji ana jan hanci a bayan kalgon, kuma wannan karon ba ɗacin duma ba ne. Sai da aka ɗan jima sannan muryar ta dawo, ta fara kumbura kamar yadda ta saba.

"To ka gani, Bello? Da na bi shawararka na zauna na kama bakina, da yanzu ana nan ana jan magana. Ni na san dattawa! Na ce maka duma zai..."

Daga bayan wani kalgon, can gaba kaɗan, aka yi gyaran murya. Muryar Alhaji Amadu ce, a natse kamar kullum.

"Malam Bello, in surukin nawa ya gama da butar, a miƙo ta nan."